Takardar da Na Dangwala a Gadon Asibiti

Da babban yatsan hagu na dangwala takardar, don hannun dama yana naɗe da bandeji har gwiwar hannu. Kwanana huɗu ke nan a kwance. Mutum biyu ne suka zo daga kamfani, akanta da wani na ofishin ma'aikata, riƙe da ledar lemo da ayaba da gwangwanin madara. Suka yi mini sannu, suka ce maigida yana gaishe ni, ya ce a kawo mini naira dubu 150 in rage zafi. Sai na ofishin ya zaro takarda shafi ɗaya da Turanci, ya ce shaida ce kawai ta cewa kuɗin sun shiga hannuna. Ya buɗe ɗan akwatin tawada ya miƙo. Allurar kashe zafi ba ta gama sakina ba, bibbiyu nake gani. Matata tana tsaye a bakin gado da goyo a baya. Ta kalle ni, na kalle ta, kowa ya san abin da muka baro a gida, ko kwanon masara babu. Na dangwala.

Sai bayan wata biyar aka karanta mini abin da takardar ta ƙunsa. Wai ni da bakina na amsa cewa gangancina ne ya jawo haɗarin, kuma kuɗin da na karɓa su ne ƙarshen magana tsakanina da kamfani, ba zan sake neman ko sisi ba har abada.

Daga wani ƙauye a wajen Rano na zo Kano neman kuɗi. Na yi dako, na yi leburanci a wajen gini, kafin Allah ya haɗa ni da aikin kamfanin roba a Sharaɗa. Bokitai muke yi da butoci da kujeru. Shekara shida na yi a can, huɗu daga ciki a kan injin niƙa roba. Duk kayan da suka fito da aibi, da tsofaffin robobin da 'yan bola-jari ke kawowa, ni nake zuba su ta bakin injin, wuƙaƙen ciki su daddatse su su fito ta ƙasa kamar tsaki, a mayar a narka. Injin yana da murfi a sama, kuma yadda aka ƙera shi, in ka ɗaga murfin sai ya mutu da kansa. To murfin namu ya daɗe da karyewa. Aka cire shi aka jingine a bango, mai gyaran wuta ya haɗa wayoyin kai tsaye don kada aiki ya tsaya. Mun yi magana sau nawa, sufabaiza ya ce an rubuta, ana jiran kaya daga Legas. Ya fi wata bakwai a jingine, har muka saba ajiye kwanon abinci a kansa.

A azumin 2021 ne, ana tsakiyar zafin nan na Afrilu, ina aikin dare. Wajen ƙarfe uku aka ɗauke wuta, injin ya tsaya da ƙafar kujera a maƙale tsakanin wuƙaƙe. Sufabaiza ya haska ni da tocila ya ce in ciro ta kafin a tayar da janareta, don ba a so a rasa lokaci. Na zura hannu. Ban ji lokacin da janareta ya tashi ba. Abin da na ji kawai shi ne an fizge ni, kamar wani ƙato ya kama hannuna ya ja ƙasa. Ban ma ji zafi ba da farko. Abokin aikina ne ya ruga ya kashe injin, ya cire rigarsa ya ɗaure mini dantse. Da na waiwaya, farar robar da ke zubowa ta ƙasa ta koma ja. Yatsu huɗu suka tafi da rabin tafin hannu, babban yatsa kaɗai ya tsira. Ana ta kiran mutane su tashi sahur lokacin da motar kamfani ta fita da ni.

Wani ɗan ƙaramin asibitin kuɗi suka kai ni, inda suka saba kai ma'aikata. Da gari ya waye yayana ya zo, ya ga yadda hannun ya kumbura, ya ce ba zai bar ni nan ba. Shi ya ɗauke ni a adaidaita sahu zuwa Asibitin Ƙashi na Dala. Likitan da ya karɓe ni ya tambaye ni a ina abin ya faru, da wane irin inji, da ƙarfe nawa. Na faɗa masa tiryan-tiryan, ya rubuta a fayil. A ranar ban ɗauki tambayar a bakin komai ba. Ashe layukan nan uku da ya rubuta za su tsaya mini daga baya fiye da shaidar mutum goma. Sau biyu aka shiga da ni tiyata. Kamfani ya biya na farko, na biyu kuwa sai da yayana ya sayar da tumakinsa.

Ciwon hannu daban, abin da ya biyo baya daban. Bahaushe da dama yake yin komai na mutunci. Da ita kake cin tuwo, da ita kake gaisawa, da ita kake karɓa kake bayarwa. Ranar da na fara zama cin abinci da yarana bayan an sallame ni, na kai hannun hagu cikin kwano, sai ƙaramin ya ce, "Baba, ba kyau ci da hagu," domin ni na koya masa haka. Uwarsa ta daka masa tsawa. Na ce ta ƙyale shi, amma tuwon bai ƙara wuce mini ba. A masallaci in an zo tahiya, sai in ji ina ɗaga manuniyar da babu ita. Da dare ƙaramin yatsa ya dinga yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa, in tarar da iska. In mutum ya miƙo hannu mu gaisa, sai in ga idonsa ya sauka ƙasa ya yi saurin ɗaukewa. Na kai wata biyu ban fita zaman majalisa ba.

Da ɗinki ya warke na koma kamfani. Suka ajiye ni a bakin ƙofa ina duba masu shiga da fita. Wata ɗaya aka biya ni, a na biyu manaja ya kira ni ya ce kasuwa ta ja baya, in je gida za a neme ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, da wannan hannun ina zan nufa?" Ya ce ai an sallame ni tun ina asibiti, na ma dangwala.

Duk wanda na kai wa kuka, magana ɗaya ce. Kawuna ya zo takanas daga ƙauye ya ce, "Kai yaro, ka rungumi ƙaddara. Faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Yaushe talaka ya taɓa shari'a da mai kamfani?" Surukina ma haka, ya ce in bar wa Allah. Ba na zarginsu, ƙauna ce ta sa su faɗa, sun ga waɗanda suka sayar da gona a kan shari'a suka tashi a tutar babu. Ni kaina zuciyata ta fara raya mini cewa in na nemi wani abu, kamar ina jayayya ne da hukuncin Ubangiji. Wannan tunanin ya fi rashin kuɗi hana ni barci.

Limamin masallacin unguwarmu ne ya warware mini shi. Bayan sallar asuba na tsaya har kowa ya watse, na faɗa masa abin da ke raina. Ya kama hannun nawa, shi ne mutum na farko da ya riƙe shi ba tare da ya kau da kai ba. Ya ce, "Malam, wa ya gaya maka yarda da ƙaddara tana nufin yafe haƙƙi dole? Addinin da ya umarce ka da haƙuri, shi ne ya yanka wa kowane yatsa diyyar raƙuma 10, hannu ɗaya raƙuma 50. Da neman diyya saɓo ne, da ba a ƙayyade ta ba. In ka yafe don kanka, lada gare ka. Amma yafiya sai wanda ya san abin da yake da shi, kuma ka tuna akwai yaran da cinsu da shansu ke wuyanka." Ya ce dokar kamfani ba fanninsa ba ce, in nemi masu ita.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa ne tun zamanin da masaƙun Kano ke aiki dare da rana, ya yi wakilcin ƙungiyar ƙwadago shekaru da yawa. Ƙarar injin saƙa ta cinye masa kunne, sai ka ɗaga murya yake ji. Na je na same shi a kan tabarmarsa. Ya ce a zamaninsu akwai dokar diyya ta 1987, mai kamfani ne ke biya daga aljihunsa, a dunƙule sau ɗaya: albashin wata 42 in ma'aikaci ya mutu, na wata 54 in ya nakasa gaba ɗaya. Shi ya sa kowane mai kamfani yake yaƙi da kai kamar za ka cire masa ido, in kuma kamfanin ya rushe, shi ke nan. Ya ce amma an canza, a watan Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka, aka kafa asusu guda a hannun hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, in wani ya ji ciwo daga asusun za a biya shi. Na ce, "Baba, shekara shida ina aiki ban taɓa jin wannan ba." Ya ce, "Wa zai gaya maka? Tashi ka nemi lauya, kuma kada ka kwana, abin yana da wa'adi."

Kalmar lauya ta tsorata ni. Na fara zuwa bakin wata kotu, wani mai rataye da jaka ya tare ni ya ce ya san kowa a ciki, in kawo dubu 20 na buɗe fayil. Allah ya taimake ni ba ni da su. Da na koma, dattijon ya yi faɗa, ya ce wa ya aike ni can. Ya kwatanta mini ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 don waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Ya ce ƙorafin diyyar ma'aikaci yana cikin abin da dokarsu ta ce su karɓa, kuma wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda a lokacin dubu 30 ne, ya cancanta. Ni kuwa a lokacin ko dubu ɗaya ba ta shigo mini.

Wata matashiyar lauya aka haɗa ni da ita. Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Malam, takardar da ka dangwala, sun bar maka kwafi?" Na ce ban sani ba. Da na koma gida na tambayi matata, sai ta tashi ta sauke kwanukan jerenta, ta buɗe na can ƙasa, ta ciro takardar a ninke cikin leda, tare da katin asibiti da duk rasit ɗin magani, har na auduga. Ta ce tun ranar hankalinta bai kwanta da mutanen ba, shi ya sa da na ofishin zai tafi ta ce ya ba ta ɗaya, ya ba ta don ya raina ta, yana ganin ba karatu ta iya ba.

Washegari Barista ta karanta mini ita da Hausa, kalma bayan kalma. Jikina ya yi sanyi, na ce shi ke nan na kashe kaina da kaina. Ta girgiza kai. Ta jawo littafin dokar ta buɗe sashe na 13, ta ce doka ta hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da maigidansa a kan zai yafe diyyarsa, kuma duk wata yarjejeniya irin wannan, ko ta wace siga aka yi ta, ɓatacciya ce, ba ta aiki. Ta ce waɗanda suka tsara dokar sun san yadda ake zuwa wa mara lafiya da lemo da tawada. Na ce, "To Barista, maganar ganganci fa? Ni na zura hannuna, ba wanda ya kama ya tura." Ta ce a wannan tsarin ba a tambayar laifin wa. Abin da ake dubawa, shin a bakin aiki ciwon ya same ka, ko ta dalilin aikin? Ko da kuskuren ma'aikaci ne ya jawo haɗarin, ba a hana diyya. Balle kai da aka umarta.

Sai ta shiga lissafin kwanaki, wanda shi ne abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da maigidansa cewa ya ji ciwo. Maigidan yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Shi kuma neman diyyar, a cikin shekara 1 ake shigar da shi. In akwai wani uzuri na musamman da hukuma ta gamsu da shi, ana iya karɓa har zuwa shekara 3, daga nan ƙofa ta rufe. Na ce ni ban rubuta wa kowa komai ba cikin kwana 14, ina kwance. Ta ɗaga takardar nan ta ce, "Ga shaidarka. Doka ta ce in maigida ya riga ya san abin ya faru, rashin sanarwar ba zai hana ka ba. Su da hannunsu suka rubuta ranar haɗarin da wurin da ya faru, suka buga hatiminsu, kwana huɗu da faruwarsa." Takardar da aka kawo don a rufe mini baki, ita ta zama ta farko a fayil ɗina.

Ta bayyana mini cewa hanya biyu ce. Ko a bi ta asusun, inda ba sai ka tabbatar da laifin kowa ba, ko a kai kamfani Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano, a kan sakaci, tunda Dokar Masana'antu ta wajabta a killace duk wani ɓangaren inji mai haɗari, su kuwa sun bar murfi a jingine. Ta kotu tana iya kawo kuɗi mai kauri a dunƙule, amma sai ka kawo shaidu, sai ka jure ɗage zama, kuma ana iya faɗuwa. Ba a kuma cin biyun. Ba ta zaɓar mini ba. Ta ce in je in yi shawara da iyalina. Zuciyata kotu take so, ina so a tsayar da manajan nan a tambaye shi zancen murfi a gaban jama'a. Amma na dubi abokan aikina da suka ga abin, kowa yana da iyali, in ya tsaya shaida washegari ba shi da aiki. Na dubi gidana, haya ta taru wata uku. Na zaɓi asusun. Har yau wani lokacin ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Da aka bincika, ashe kamfaninmu yana da rajista, yana zuba kuɗin, kuma sunana yana cikin jerin da yake turawa, domin ni ta banki ake biyana. Wato ba daga aljihunsu diyyar za ta fito ba. To me ya hana su kai rahoto? A fahimtata, tsoro ne kada rahoton ya jawo masu duba masana'antu su zo su ga injin da babu murfi. Sun gwammace su ba ni dubu 150 in tafi da nakasata, da a ce wani jami'i ya leƙa cikin ɗakin injin. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, har yanzu da nake rubutawa.

Barista ta rubuta musu wasiƙa, ta aika kwafi ga hukumar da ofishin ƙwadago. Mako uku shiru. Ta sake rubutawa, ta ambaci hukuncin da doka ta tanada ga wanda ya ƙi kai rahoto. Ranar nan sai ga kiran waya, mutumin da ya kawo mini tawada ne, muryarsa ta yi laushi, wai in zo a cike fom. Na ce sai dai ya kira lauyata. Daga nan sai zirga-zirga. Rahoton likita daga Dala, hoton ƙashi, takardar banki ta wata shida da ke nuna albashina, katin shaidar aiki, hotuna. Abokin aikina da ya ɗaure mini hannu ya zo gidana da daddare, ya faɗi abin da ya gani aka rubuta, ya sa hannu yana cewa, "In sun kore ni, Allah na nan." Ba su kore shi ba. Likitocin hukumar suka duba hannun, suka auna abin da zan iya riƙewa da abin da ba zan iya ba. Takardu suka tafi Abuja. Watanni na yi ina jira, matata tana soya awara a ƙofar gida, da shi muka rayu.

Ranar da alat ɗin farko ya shigo ina zaune a gindin bishiyar darbejiya, na miƙa wa wani yaro wayar ya sake karanta mini don ban yarda da idona ba. An mayar da kuɗin maganin da muke da rasit ɗinsu, na sayi tumaki na mayar wa yayana. Sai kuma biyan wata-wata. Yadda tsarin yake, wanda ya nakasa gaba ɗaya ana ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Irina da nakasar ta taɓa wani sashe, ana ƙiyasta abin da ta rage masa na samu, a ba shi kashi 90 cikin 100 na wannan. Ana ci gaba da biya har mutum ya kai shekara 55, ni kuwa ina da 34 abin ya same ni. Ba zan ɓoye ba, kuɗin ba su da yawa. Wanda albashinsa ƙarami ne, diyyarsa ma ƙarama ce, ga tsadar kayan masarufi da ta biyo baya ta cinye rabin darajarsu. Ko kusa ba su kai raƙuman da liman ya ambata ba. Amma suna zuwa, kuma ba roƙo na yi aka ba ni ba. Da su da ɗan abin da matata ta tara na kafa teburin cajin waya da sayar da kati. Na koyi rubutu da hagu, da shi nake rubuta bashi a littafi.

Akwai wanda ba na mantawa. Shekara huɗu kafin nawa, injin matse roba ya murƙushe wa wani bawan Allah hannu har wuyan hannu a kamfanin namu. Dubu 80 aka ba shi, ya dangwala, ya tafi. Yanzu gadi yake yi a wani gida. Da na ga nawa ya yiwu, na je na ɗauko shi da murna na kai shi wajen Barista. Ta tambaye shi shekarar, ta ƙirga a yatsunta, ta sake ƙirgawa, sannan ta ajiye biro. Ta ce ta hanyar asusun dai lokaci ya wuce. Bai ce komai ba. Ya gyara hularsa da hannunsa ɗaya ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." A hanyar komawa ko kalma ba mu yi ba. 'Ya'yansa shida. Da wani ya gaya masa zancen shekara 1 ɗin nan a lokacin da ya dace, da yau wata maganar ake.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila, a biya su kuɗi a hannu ranar Asabar, ba kati, ba takarda, ba suna a ko'ina. Su ne suka fi yawa a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma su ake turawa kan injin da ya fi haɗari. Suna ɗauka dokar ba ta san da su ba. Ta sani. Ma'aikaci a wajenta ya haɗa da na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo, ko da baki aka yi yarjejeniyar, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Ta haɗa da haɗarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida, da cutar da aikin ya jawo, har da kurumta irin ta dattijon layinmu. In ma'aikaci ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba su duk wata. Kuma kashi ɗayan nan maigida ne ke biya, haramun ne ya cire shi daga albashinka. Inda gizo ke saƙar shi ne shaida. Ranar da abu ya faru, kamfani zai ce bai san ka ba, ɗan kwangila ya kashe waya. Shi ya sa duk yaron da ya zo cajin waya na ga rigar kamfani a jikinsa, sai na ce ya ɗauki hoto da ita a wurin aiki, ya adana duk wata 'yar takarda, in da hali a biya shi ta banki. Dokar Ƙwadago ma ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce. Wasu su ji, wasu su yi dariya su ce Allah ya tsare. Ni ma amin nake cewa, ina nuna musu hannuna.

Makon jiya wani dattijo ya zo teburina da yamma, an kwatanta masa ni. Ɗansa mai shekara 19 ne injin yankan leda ya cire wa yatsu biyu a wani kamfani a Challawa, watansa biyar da fara aiki. Na rufe teburin muka tafi asibiti. Yaron yana kwance ya juya fuska bango. Na zauna a bakin gadon na ɗora hannuna na dama a kan zanin, inda zai gani. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Yaya, yana daina ciwo?" Na ce yana raguwa. A gefen gado na ga ledar lemo. Uban ya ce sun zo shekaranjiya da takarda, ya ce musu shi ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba, su bar ta ya nuna wa wani, suka ƙi bari suka tafi da abarsu. Na tambaye shi ko an gaya wa likita a ina abin ya faru, ya ce an faɗa. Na ce ya nemi leda ya fara tara rasit. Muka ƙirga kwanaki, ranar kwana tara ke nan. Tun a daren muka sa ƙanen yaron ya rubuta sanarwa kwafi biyu, da safe uban ya kai kamfani, ya tsaya a bakin ofis har sai da aka buga masa hatimi a kan nasa. Ranar Litinin zan raka su wajen Barista.